Maɓallin Komawa Farko

Zuwa ga Kaka,

Gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ni dai ba lafiya ba. Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar karɓar haihuwa, in na ƙara za a sallame ni daga jami'a.

Wani tabarau muke sawa, sai ki gan ki a ɗakin haihuwa, ga mai jego da kwamfuta ta ƙera tana zubar da jini. Lokacin koyo akwai maɓalli a hannuna, da na ga abu ya caɓe sai in danna, komai ya koma farko. Ran jarrabawa babu shi, sai in tsaya ƙiƙam. Wallahi tsoro nake ji.

Jikarki

*

Ke matsoraciya,

Bayan gaisuwa, Kawunki ke rubuta mini, yana ta dariya. Oh ni! Shekara arba'in ina ungozoma, ban taɓa ganin matar da aka mayar farko ba. Ashe gudu kike koyo a makarantar! Ki naɗe maɓallin nan da filasta. In za ta mutu, ta mutu kina tsaye a kanta, idonki biyu. Wanda bai sha rana ba ai bai san daɗin inuwa ba.

Ƙafa da sauƙi. Allah Ya yi miki albarka.

Kakarki

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Na naɗe shi, har malamarmu ta tambaya ko ya karye ne. Sau huɗu matar tana mutuwa a hannuna. Na san ba mutum ba ce, amma na yi kuka har gilashin ya yi hazo. Ban cire shi ba.

A na biyar na daina kallon jinin, na taɓa mararta, na ji mahaifar laƙwas. Na yi ta murzawa har ta yi tauri, jinin ya ja baya. Ashe daidai nan nake tserewa kullum!

Jarrabawa ran Alhamis. Ko me za a yi, ba zan matsa daga gadon nan ba. A sa ni a addu'a.

Jikarki

*

Kaka,

Barka da arziki, matar ta tashi! Na ci.

Filastar tana nan, na bar wa masu zuwa. Wata mai kamawa za a kai mu asibitin gaske. Ki aiko mini da tsohon almakashinki.

Jikarki, ungozoma