Makunnin da Ke Ƙarƙashin Kujera

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya Anti Rahila da yara? Ina fata ciwon bayanka ya yi sauƙi. Mu nan Duvu lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Tsohuwar taraktar marigayi Baba ce. Na canja mai, na sa sabon batir, na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Sau uku ina kwance sitata, abin da ke tayar da injin, ina kai ta Mubi a mashin. A hannun makanike tana juyawa lafiya lau, in na dawo na ɗaura, shiru. Ga ruwa ya sauka, maƙwabta sun gama huɗa, gonarmu sai ciyawa.

Jiya Mama ta tarar da ni ina masifa, ta ce, "Ai babanku sai ya sa hannu ƙarƙashin kujera kafin ya tayar. Yayanka ne ya haɗa masa, saboda ɓarayi." Na laluba, ga ɗan makunni. Bugu ɗaya ta tashi!

Yaya, sau nawa muka yi waya ba ka faɗa ba? Shekara goma tarkonka bai kama kowa ba sai ni.

Ku sa mu a addu'a kada shuka ta wuce mu. A gaida kowa da kowa. Kai kam, sai na huce.

Ƙaninka,
Yohanna