Jinin Yaya Bara'atu

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Na yi sata. Ban gaya wa kowa ba, ko ƙawata Amira. Takarda ce na zaro daga ƙarƙashin katifar Yaya Bara'atu. Tun da ta dawo gida goyon ciki ni ke raka ta awo, kuma ranar Alhamis da idona na ga Malam Stephen, ma'aikacin asibitin, ya ninke takarda ya sa mata a hannu yana magana ƙasa-ƙasa. Sai da ta waiga sannan ta cusa cikin hijabi. A littattafan da nake karantawa na san inda irin wannan ke ƙarewa. Ban buɗe ba tukuna. Tsoro.

Talata, 8 ga Oktoba

Ina lura da ita. Ta ce wa Inna wai jininta ne "ya ɗan yi ƙasa". A gidanmu komai ɗan ne. Ambaliya ta cinye shinkafar Baba kaf a fadama, amma in an tambaye shi sai ya ce bana an ɗan yi ƙamfa. Inna ba ta taɓa cewa babu mai, sai dai "ya yi kaɗan", alhali kwalbar a kife take. To maganar wa zan kama?

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na buɗe. Babu soyayya ko ɗigo, Allah Ya yafe mini zargi. Ga mijinta aka rubuta, Yaya Shu'ibu. Ƙarancin jini mai tsanani. Jininta bai isa haihuwa ba, ya kawo mutum biyu da za su ba da jini kafin ƙarshen wata. Sau uku na karanta ina neman "ɗan", ban gani ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ta gane. Ina tankaɗe ta tsaya a kaina, a hankali ta ce, "'Yar'azumi, ke ce ko? Ƙona ta." Wai tun da ruwa ya shanye gonarsa a Miga Yaya Shu'ibu ya rame, shi ma bai ƙoshi ba, ina jinin bayarwa? Kuma danginsa za su ce raki gare ta. Ta ce in rantse ba zan gaya masa ba. Kai kawai na gyaɗa, ban furta ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Sau biyu Yaya ta zauna hutawa tsakanin rijiya da ɗaki. Inna ta dafa mata zogale, ta ce zai cike abin da ya rage, ba ta kalle ni ba. Anya ita ma ba ta sani ba?

Litinin, 14 ga Oktoba

Yaya Shu'ibu ya zo da busasshen kifi a leda. Ya tambayi Yaya jiki, ta ce da sauƙi, har da dariya. Leɓenta fari fat, shi kuwa murna yake. Yau zai koma, sai kuma bayan mako uku.

Tun da ya auri Yaya ban taɓa ce masa komai ba bayan gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba, wataƙila ma ba sai na yi magana ba, miƙawa ce kawai. Yaya za ta daina kula ni, na sani. Ta daina ɗin.

Ga shi can a zaure yana sallama da Baba. Takardar na cikin hijabina. Bari in ajiye biro.