Ɗinkin ƙwaryarki ya shiga gari

Assalamu alaikum, uwargida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, ina sanar da ke cewa mutanen gida suna lafiya, shanu ma lafiya. Da hannuna nake rubuta wannan. Kin tuna dariyar da kika yi mini ranar da na rataya jaka zan tafi ajin manya, kika ce furfura ta tafi neman bulalar malam? To ga amfanin furfurar.

Albishir nake miki game da jikarki, takwararki, wadda muke kira Ummi. Tun da ta gama sakandare take zane a waya, tana haɗa launi da rubutu. Ta so tafiya Kano ta koyi aikin sosai. Ubanta Haruna ya ce wasan yara ne, ba zai bar ta ta bar ƙauyenmu Kara saboda shafa gilashin waya ba.

Sai wani mai shago a Gwarzo ya ce ba zai ƙara sa kindirmon uwar Ummi a firjinsa ba sai robar tana da tambari. Haruna ya ce to ga fili. In zanen Ummi ya fitar da kindirmo, ta tafi Kano. In bai fitar ba, ta ajiye wayar.

Yarinyar nan ta sha wahala. Ta zana saniya, ta ce kowa saniya yake zanawa. Ta zana fure, na ce mata amaryata, wannan ai sabulu kike sayarwa. Ta yi fushi da ni, ta shige ɗakinki, wanda har yau ba mu taɓa kayansa ba. Can ta fito da babbar ƙwaryarki, mai zanen taurari a baki, wadda ta tsage a hanyar Kabo kika kai wa gyartai ya ɗinke. Sau nawa na ce ki sayi sabuwa? Kullum amsarki ɗaya, ƙwaryar da ta san hanya ba a yar da ita.

Ummi ta ɗauke ta hoto, ta zana ta tsaf, har da ɗinkin. Na ce ta goge tsagar, wa zai sayi abinci a fasasshen abu? Ta ce, Kaka, in na goge, ta zama ƙwaryar kowa.

Ranar da aka jera robobin, ni da Haruna muka zauna a bencin ƙofar shagon. Wata tsohuwa ’yar Unguwar Tudu ta shigo sayen sabulu. Ta tsaya, ta ƙura wa firjin ido, sai ta dafe ƙirji ta ce, wannan ai ƙwaryar mutuniyata ce, ga ɗinkin nan! Ba ta iya karatu ba, amma ta gane ki. Ta fita tana kiran mata, tana ba su labarin yadda kike ƙara wa mai goyo ludayi guda. Kafin la’asar firjin ya koma fayau.

Haruna hularsa kawai ya gyara. Ranar Asabar da kansa ya ɗauki jakar Ummi zuwa tasha.

Saura abu ɗaya. Duk zamanmu ban taɓa kiran sunanki ba, kunyar matar fari ta hana. Da Ummi ta miƙo mini roba ta ce in karanta, sai na bi baƙaƙen da yatsa, na ji bakina ya faɗa a gaban ’ya’ya da jikoki: Kindirmon Dije. Gida ya ɗauki shewa. Ni kuwa na sake karantawa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa aljanna ce makomarki, Ya yi wa hannun yarinyar nan albarka, Ya haɗa mu da alheri. Amin.

Ki huta lafiya, Dije.

Naki,
tsohon ɗan ajin manya