Omosede Za Ta Ɗaga Ƙarfe a Roma

Uselu, Benin
4 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Osaigbovo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali a can Torino. Mu nan lafiya lau. Iye, tsohuwarmu, tana fama da gwiwa, amma bakin nan nata bai tsufa ba. Jiya ma sai da ta kushe miyar owo da na yi, wai kanwa ta yi yawa, sannan ta suɗe kwanon tas.

Na zaɓi rubutu ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya in an ambaci 'yarka Omosede. Shekara takwas ke nan da ka ce kada ta sake kiranka sai ta ajiye ƙarfe, wai ba namijin da zai auri mace mai damtsen ɗan dako. Ita kuma taurin kanka ta ɗauko kaf, ba ta ajiye ba, ba ta kira ba. To ka daure ka ji abin da ta yi da shekarun nan.

A rumfata abin ya faro, tana sauke jarkokin manja bibbiyu daga mota, 'yan dako suna yi mata tsiya wai za ta kashe musu kasuwa. Nan Koci Ehigie, mai horar da masu ɗaga ƙarfe a filin wasa na Ogbe, ya gan ta. Ni ma da fari na ƙi, ba zan ɓoye maka ba. Amma yarinyar da za ta share rumfa da sassafe, ta taka har Ogbe, ta wuce makaranta, ba ta taɓa cewa ta gaji ba, da wane baki zan hana ta? Sau uku a jere ta ciyo zinare a gasar ƙasa. Ana cikin haka kafaɗarta ta goce, aka yi mata aiki, likita ya ce ta nemi wata sana'a. Na ji kukanta a banɗaki, amma da ta fito sai ta ce in ara mata sandar goge-goge. Da ita ta sake farawa a tsakar gida, maƙwabciyarmu tana leƙowa tana cewa ashe zakara ta koma shara. Wata goma sha ɗaya ta yi kafin ta sake taɓa ƙarfe na gaske.

Bara aka tafi da ita gasar Afirka. A waya muka kalla, matan layinmu sun cika rumfa har ba wurin tsayawa. Wata 'yar Masar ce a gaba, saura ɗagawa ɗaya. Daga baya muka ji cewa Koci ya ce wa Omosede ta ɗauki nauyin da ta saba, azurfa ma abin godiya ce. Ta ce masa, Baba, ba don azurfa na hau jirgi ba, ta sa aka ɗora kilo ɗari da talatin da huɗu, abin da ko a horo ba ta taɓa ɗagawa ba. Da ta kai shi ƙirji na ga gwiwoyinta suna rawa, na riƙe hannun mai kifin kusa da ni har ta ce zan karya ta. Sai ƙarfen ya tashi sama, kafaɗar nan da aka yanka ta tsaya cak, alƙalai uku duk suka kunna farar fitila, alamar ɗagawar ta yi, zinare nata ne. Iye ta tambaye ni nawa ne nauyin, na ce kusan jarka shida cike da manja. Sai ta ce a ƙara wa yarinyar nan sakwara.

Batun miji kuwa, ka kwantar da hankalinka. Akwai wani malamin lissafi, Uyi, siriri, mai natsuwa, wanda ke riƙe mata jaka a filin wasa ba kunya. Abokansa suna tsokanarsa wai ran da ya yi laifi a kan kabad za a ajiye shi, shi kuma ya ce ai ya fi kowa tsaro a garin nan. Tun Kirsimeti yake son turo manyansa, ta ce ba wanda zai zo sai ubanta ya sani ya yarda.

Yanzu ga dalilin takardar. Ranar Asabar, sha tara ga Mayu, za ta ɗaga ƙarfe a Roma, a gasar da ake tara zakarun ƙasashe. Ta ja mini kunne kada in gaya maka. Amma sau biyu tana tambayata, tana kallon wani wuri, ko Roma da Torino akwai nisa, ko kuma kana aiki ran Asabar. Ban ce ka shirya wani jawabi ba, Osaigbovo. Ka hau jirgin ƙasa, ka sami kujera inda za ta iya hango ka. In ta hau dandamali takan ɗaga kai ta dubi jama'a sau ɗaya kafin ta kama ƙarfe.

Ka gaida matarka Itohan da su Efosa da Eseosa. Iye tana gaishe ka, Kawu Igbinosa ma haka. Ubangiji ya tsare mana kai, ya sassauta zuciyarka.

Yayarka,
Imuetinyan