Ƙahona da Muryar Mijin Vroni

Alhamis, 28 ga Fabrairu

An kafe takardar wasan Lahadi ta sama a allon ɗakin gwaji. Simfoni biyu, wato dogon kiɗa marar waƙa, a tsakaninsu waƙoƙi biyar na namiji mai kaurin murya. Shi ne wasana na ƙarshe, bayan shekara talatin da shida ina busa ƙahon tagulla na ɗaya a ƙungiyar makaɗan nan. Na sa tabarau na duba sunan baƙon mawaƙin. Kilian Reimers. Mijin 'yata.

Ferdl, mai ƙaho na biyu, yana bayana yana dariya har da tari. Ashe tun Kirsimeti kowa ya sani, har matata Traudl. Da na tambaye ta a gida, ta ce da ta gaya mini da tuni na ƙirƙiro ciwon haƙori na ɗauki hutu. Ba ta yi ƙarya ba.

Asabar, 2 ga Maris

Ba wai na tsane shi ba ne. Ya ɗauke mini Vroni daga Graz ya kai ta Hamburg, wannan ɗaya. Na biyu, ranar bikinsu ya miƙe a gaban jama'a ya ce tunda ya auri 'yar mai ƙaho, ya shirya jin kuskure kowace safiya. Aka yi dariya, ni ma na yi. Shekara shida ke nan, ban manta ba.

Waƙa ta huɗu ce ke damuna. Murya za ta sauko ta yi shiru, sai ƙaho shi kaɗai ya shigo can sama, a hankali. Da ina ɗan arba'in ko a barci zan busa. Yanzu in na daɗe ina jira, leɓena rawa yake yi. Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 5 ga Maris

Sun iso da rana. Vroni ta yi kyau, har yanzu da dariyarta ta yarinta. Shi kuwa tun daga bakin ƙofa ya ƙwala "Baba!" ya rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa. Ya cinye kwano uku na gulash, farfesun naman da Traudl ta dafa. Traudl sai kallonsa take tana murmushi, ni da na shekara arba'in ina cin girkinta ban taɓa samun irin kallon nan ba.

Laraba, 6 ga Maris

Gwajin farko. To, zan rubuta tunda ba mai karantawa: yaron ya iya waƙa. Da ya buɗe baki masu goge na baya suka bar kallon takardunsu. Muryar ba ƙarfi ba ce kawai, akwai ɗumi a cikinta, kuma kowace kalma tana fita sarai.

Aka zo wurin da zan shiga ni kaɗai. Sautin ƙahon ya fashe kamar agwagwa ta shaƙe. Ferdl ya dubi rufin ɗaki.

Alhamis, 7 ga Maris

Sautin ya sake fashewa, sau biyu.

Lokacin hutun kofi jagorarmu, Frau Haslinger, ta ja ni gefe. Mace ce mai kirki, ta yi ta zagaye. A ƙarshe ta ce ko Doris, sabuwar mai ƙahon da za ta gaje ni, ta karɓi wannan wurin kaɗai, ni in riƙe sauran. Kafin in amsa sai ga Kilian da kofi a hannu, ya ce laifinsa ne, shi ke yanke numfashi ba a wurin da ya dace ba, a ba mu zuwa Asabar.

Ƙarya yake yi, kuma ta sani, ni ma na sani. Na tako gida da ƙafa ta gaɓar kogi ina huci. Ba na son tausayi, balle nasa.

Juma'a, 8 ga Maris

Ba gwaji yau. Traudl da Vroni sun tafi kasuwar manoma, suka bar mu mu biyu, kuma na tabbata da gangan ne. Ina shafa wa ƙaho mai a kicin ya shigo ya zauna, shiru, abin da ban taɓa gani ba. Na ce masa jiya ba a aike shi ba.

Ya ce, "Baba, ba don kai na yi ba. In Doris ta busa, ba wanda zan duba. Ni tsoro nake ji."

Na ɗauka wasa ne. Ashe kafin kowane wasa sai ya yi amai. Bara a wani gari baiti guda na waƙa ta huɗu ya ɓace masa a gaban mutum dubu, ya tsaya baki buɗe, tun daga nan bai sake rera waƙar nan ta huɗu ba. An gayyace shi wani babban zaure a wannan Lahadin, ya ƙi, don Vroni ta ce masa wasana na ƙarshe ne. Wannan ba shi ya faɗa ba, ita ta gaya mini daga baya tana yanka albasa.

Muka tura teburi gefe muka gwada. Sau wajen goma sha biyar. Sai muka gano in ya ja sautinsa na ƙarshe ya ɗan ƙara tsawo, ba na jira a cikin shiru, sai in hau kan muryarsa in tashi. Leɓen bai samu lokacin rawa ba. Shi kuma ya ce in ɗaga bakin ƙahon kaɗan kafin baitin da ke guje masa. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta buga rufi da sandar tsintsiya. Kilian ya leƙa taga ya rera mata ban haƙuri, ta aiko da kek ɗin tuffa.

Na yi dariya yau har cikina ya ƙulle.

Asabar, 9 ga Maris

Gwajin ƙarshe. Wurin nan ya fita tsaf. Frau Haslinger ta juya shafi kawai. Doris ta daki kafaɗata.

Lahadi, 10 ga Maris

Ƙarfe sha ɗaya na safe, zaure cike har saman bene. Traudl da koriyar rigarta a layi na shida, Vroni na riƙe da hannunta. A bayan dandamali na tarar da Kilian ya fito daga banɗaki fuska fari fat. Na gyara masa wuyan riga. Na ce ya tsaya da kyau, ba a gidansu yake ba.

Simfoni na farko ya wuce kamar ruwa. Sai Kilian ya fito. Waƙa uku na farko na manta ma ina aiki, sauraro nake. A ta huɗu muka zo baitin nan, na ga bayan wuyansa ya sandare. Na ɗaga ƙahon. Ban san yadda ya gani ba, ya ce wai ta ƙyallin tagulla a gilashin ƙofar gefe. Kalmomin suka zo. Ya sauko, ya ja sautin, ya ja, fiye da yadda muka yi a kicin, har na ji tsoron numfashinsa zai ƙare. Na shiga.

Ban taɓa busa shi haka ba, ko ina saurayi. Siriri, tsaf, ya tafi har ƙarshen zauren ya tsaya can. Ferdl ya ce a hankali, "Kai, tsoho."

Da jama'a suka ɓarke da tafi, maimakon Kilian ya rusuna a gaba, sai ya kutsa tsakanin masu goge, ya ture wa wani takarda, ya kamo hannuna ya jawo ni gaban dandamali. Ni da na shekara talatin da shida a layin baya. Fitilu sun hana ni ganin kowa, muryar Traudl kawai na gane. Simfoni na biyu da jiƙaƙƙen ido na busa shi.

Bayan nan abincin rana a gidan cin abinci na bakin gada, mu ashirin da wani abu. Ferdl ya yi jawabi ya tona mini asiri kala-kala. Kilian ya miƙe zai yi nasa, Vroni ta ja shi ya zauna. Ni na ce a bar shi ya yi. Ya tsaya, ya dube ni, ya kasa cewa komai, ya zauna. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

Litinin, 11 ga Maris

Na farka ƙarfe shida na shirya, sannan na tuna ba inda za ni.

Talata, 12 ga Maris

Mun raka su tasha. Suna hawa jirgin ƙasa Kilian ya ce a watan Mayu yana da ɗan ƙaramin wasa a wata majami'a kusa da gidansu, murya da ƙaho da piyano, kuma bai samu mai busa ba tukuna. Na ce Hamburg cike take da masu ƙaho, ni na yi ritaya.

Gidan ya yi shiru da yawa. Da yamma na ɗan busa na rabin awa, don kada leɓe ya mutu kawai. Na tambayi Traudl ko a watan Mayu ana sanyi a can, kuma ko baƙar kwat ɗina tana bukatar wanki. Ta ajiye saƙarta tana kallona ta saman tabarau.

Tambaya kawai na yi.