Guntun da ke bayan ƙofa

Yaya,

In ka dawo ka ga ƙofar gida fayau, kada gabanka ya faɗi. Masu saran bishiya sun zo da hantsi, suka ce tamu tana taɓa wayar wuta, dole a sare ta. Na roƙi ogansu, har takarda ya nuna mini. Na kira ka sau uku, ba ta shiga ba.

Da na ga suna loda itacen a mota, na tambaye su ina za su kai. Wai juji. Na ce ai kuwa ba za a kai bishiyar Baba juji ina tsaye ba. Ogan ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, kin ma rage mana wahala, kyauta ne." Suka sauke mana duka. Shi ne tulin da ya tare maka wurin ajiye babur, ka yi haƙuri.

Mai faskare zai zo bayan la'asar, ni kuma ina wurin aiki har magariba. Ya faskara komai, ban da guntun da na jingina a bayan ƙofa. Ka duba shi da kyau. Ƙusar da Baba yake rataye rediyonsa tana jikinsa, itacen ya kusa haɗiye ta. Shekara shida da rasuwarsa, sai yau na sake ganinta.

Wannan guntun ba na wuta ba ne, Yaya.

Ƙanwarka