Bututun da Bai Kai Bango Ba

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'in Kula da Gidaje,
Ofishin Rukunin Gidajen Tsofaffin Ma'aikata.

Daga:
Mazaunin gida mai lamba 14, Gini na Uku, hawa na biyu.

Kwanan wata: Litinin, 9 ga Satumba.

Game da: Na'urar zuƙe hayaƙi da ofishinka ya ɗaura a kicin ɗin gida mai lamba 14, da aikin huda bango da aka rubuta an kammala alhali ba a yi ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa kamar yadda ya dace da ofishinka, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi. Ni tsohon magatakarda ne. Shekara talatin da ɗaya na yi a teburin karɓar takardu, har abokan aiki suka laƙaba mini Baba Hatimi, don haka na san doguwar takarda a ƙasan tire take kwana. Zan taƙaita iyakar iyawata.

Maiɗakina tana kwance a asibiti yau kwana ashirin da takwas. Likita ya ce za a sallame ta ranar Juma'a, 20 ga wannan wata, amma ba zuwa gidan nan ba, sai in an gyara abin da zan bayyana. In ba a gyara ba, 'yarmu za ta tafi da ita garin da take aure, tafiyar yini guda a mota. Shekararmu talatin da takwas tare. Maganar ke nan gaba ɗaya, abin da ya biyo baya bayani ne kawai.

1. Maiɗakina tana fama da ciwon huhu shekara huɗu ke nan. A farkon Nuwamban bara likita ya hana ta tsayuwa a gaban murhu, ya kuma rubuta cewa kada hayaƙin girki ko tururin mai ya riƙa isa inda take kwana. Ranar 6 ga Nuwamba na kawo wa ofishinka wannan takarda tare da roƙon a ɗaura mana na'urar zuƙe hayaƙi, irin wadda ake kafawa a saman murhu kamar rumfa. An amince, kuma na yi godiya a rubuce. Daga ranar girkin gida ya dawo hannuna, ina da shekara sittin da shida, ban taɓa dafa abin da ya wuce ruwan shayi ba.

2. Ranar Talata, 16 ga Janairu, da misalin ƙarfe goma na safe, ma'aikacin lantarki na ofishinka ya zo da na'urar a kwali. Mutum ne mai fara'a, ba ni da ƙorafi a kan ladabinsa. Ya auna tsayi daga murhu, ya kafa ta da kusoshi huɗu, ya ja waya, sannan ya ɗaga allo ɗaya na silin ya tura bututu ciki. A wurin da na'urar ta zauna akwai wata tsohuwar tagar iska mai raga, wadda ita kaɗai ce mafitar hayaƙi a kicin ɗin tun da aka gina shi. Ya toshe ta da katako, ya ce yanzu ba ta da amfani. Ya kuma shaida mini cewa huda bangon waje aikin sashen magina ne, za su zo da injinsu da yamma.

3. Kafin ya tafi ya yi mini gwaji. Ya kunna na'urar, ya yagi takarda daga littafinsa ya kai ta bakin ragar da ke tare maiƙo, takardar ta manne ba ta faɗo ba. Ya ce ka ga tana ja. Na ga tana ja. Ya miƙo mini fom mai lamba 7, wanda gurbi ɗaya tak ne a ƙasansa, an rubuta "An kammala". Na tambaye shi ko in jira magina, ya ce fom ɗin nasa ne, su ma za su zo da nasu. Na sa hannu, na rubuta kwanan wata da kyau yadda na saba. Da yamma muka tafi asibiti ganin likita. Da muka dawo na ga ƙura a baranda, na ɗauka magina sun zo sun yi aikinsu ta waje. Daga baya na ji maƙwabcin sama ne ya kafa igiyar shanya. Ina so wannan ya shiga fayil: sa hannun nawa ne, ba wanda ya tilasta ni.

4. Daga 16 ga Janairu zuwa 12 ga Agusta, kwana ɗari biyu da tara, na yi amfani da na'urar bisa ƙa'idar da ke cikin ɗan littafinta, wanda na karanta sau biyu na kuma ja layi. Ina kunna ta minti biyar kafin in ɗora tukunya. Ina barin ta minti goma bayan na sauke. Duk ranar Asabar ina cire ragar in jiƙa ta a ruwan zafi da sabulu. Abin da na fi kiyayewa shi ne ƙofar ɗakin kwana: kafin in kunna murhu sai na rufe wa maiɗakina ita ruf, na sa tsohon tawul a ƙasan ƙofar, na rufe tagar ɗakin saboda hayaƙin motocin titi. Ba na shiga sai abinci ya sauka. Na ɗauka ina kare ta ne.

5. A wannan tsakani maiɗakina ta sha yi mini tsiya cewa tana kwance take sanin abin da nake yi a kicin. In na shigo da tire sai ta ce yau ma albasar ta ƙone, ko ta ce man ya yi zafi da yawa kafin in fasa ƙwai. Ba ta taɓa kuskure ba. Nakan ce hancin tsohuwar mai girki ne, ita kuma ta ce ai dole, tunda ta haɗu da ɗalibi mai taurin kai. Muna dariya. Tarinta ya ƙaru a watan Afrilu, muka ɗora wa sauyin yanayi. Ya ƙaru a watan Yuni, likita ya canza mata abin shaƙa. Sau uku ya tambaye ni ko hayaƙi na isa gare ta, sau uku na ce a'a, har na nuna masa hoton na'urar a waya. Ranar Litinin, 12 ga Agusta, jim kaɗan bayan abincin rana, numfashinta ya tsaya mata a ƙirji. Aka kwantar da ita, aka sa mata oksijin.

6. Ranar Talata, 20 ga Agusta, ina soya albasa don in kai mata miya, na tuna ta ce in zo mata da tabaraunta. Na bar tukunya a wuta, na'urar na gurnani, na buɗe ƙofar ɗakin kwana. Wannan ne karo na farko da na shiga ɗakin girki na kan wuta. Ƙaurin albasa a ɗakin ya fi na kicin. Na ɗaga kai na ga tururi na sulalowa ta gefen mazaunin ƙwan lantarki, daidai saman gefenta na gado, kuma fentin wurin ya yi rawaya, yana danƙo. Na tsaya a wurin ban san tsawon lokaci ba. Albasar ta ƙone.

7. Maƙwabcina na gida mai lamba 15, wanda mai fenti ne, ya kawo tsani da tocila muka ɗaga silin. Bututun na kwance a kan katako, bakinsa a buɗe, ya karkata yana kallon ɗakin kwana. Tsakanin kicin da ɗakin babu shamaki a saman silin. Tsakanin bakin bututun da bangon waje santimita sittin da huɗu ne, na auna da kaina. A jikin bangon akwai da'ira da ma'aikacin lantarki ya zana da fensir, faɗin tafin hannu, da alamar gicciye a tsakiya, don magina su san inda za su huda. Ba a taɓa wurin ba. Mai fenti ya sauko daga tsani, sai da ya kai ƙofa ya ce in yi haƙuri. Hotuna huɗu na haɗe da wannan takarda.

8. Na zo ofishinka ranar 21 ga Agusta. Ma'aikaciyar teburin karɓa ta duba ta ce fayil ɗin a rufe yake, an kammala, ta juyo mini da fom ɗin in ga sa hannuna. Na dawo ranar 26, aka tura ni sashen magina. Shugabansu ya ce ba a taɓa aiko musu da umarnin aiki a kan gida mai lamba 14 ba, domin da fom mai lamba 7 ya shiga sai aikin duka ya rufe, kuma ba za su ɗauki inji ba sai da umarni. Na dawo ranar 3 ga Satumba neman umarnin, aka ce ba a fitar da umarni a kan aikin da aka kammala, sai an buɗe sabon fayil, shi kuma sabon fayil layinsa wata uku ne. Ban ɗaga wa kowa murya ba. Ni ma na faɗa wa mutane irin wannan magana daga bayan tebur, da murya mai daɗi, shekara talatin da ɗaya. Takarda na shigowa in buga mata hatimi in sa a tire, in ga ta tafi. Ban taɓa tashi na bi wata don in ga inda ta ƙare ba.

9. 'Yata ta ce in samo mai inji in huda bangon kawai, wa zai sani. Sashe na 11 na yarjejeniyar zama ya haramta wa mazauni taɓa bangon waje, kuma hukuncinsa tashi daga gida. Ba ni da wani gida. Ko da na huda, likita ba maganata zai karɓa ba, ya riga ya karɓe ta sau uku. Takardar ofishinka yake so, mai hatimi, cewa an gyara mafitar hayaƙi an kuma tsabtace silin. 'Yar tawa ba ta da laifi. Ta share wa mahaifiyarta ɗaki, ta sayi sabuwar katifa. Ɗaki ɗaya ne, kuma gidan surukina ne, ba wurin da zan je in zauna ba ne. Tun ranar 20 ga Agusta ba ta kira ni Baba a waya ba, sai dai ta fara da maganar da ta kira dominta.

10. Maiɗakina ba ta san komai a kan wannan ba. Na roƙi likita da 'yata kada su faɗa mata tukuna. Ranar Alhamis da ta wuce ina zaune a gefen gadonta ina ɓare mata lemo, wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta wa ke mata girki a gida. Ta janye abin oksijin daga bakinta ta nuna ni, ta ce: "Malam ne. Tun da aka saka mana na'urar nan, ko sau ɗaya bai bari hayaƙi ya iso ni ba." Ma'aikaciyar ta ce na yi ƙoƙari. Na ci gaba da ɓare lemon.

Ranka ya daɗe, ba na jin fushi, kuma na yi mamakin hakan. Na nemi fushin ban same shi ba. Ina tashi, in yi wanka, in hau motar ƙarfe bakwai zuwa asibiti, in dawo da la'asar in ci burodi da shayi a tsaye. Ban sake kunna murhu ba sai don tafasa ruwa. Ba na neman a hukunta ma'aikacin lantarki, ya yi nasa rabin aikin, har ya bar alama. Ba na neman diyya, ban san a wane gurbi za a rubuta ta ba.

Saboda haka ina roƙon ofishinka cikin ladabi da ya yi waɗannan abubuwa:

(a) A karɓi wannan takarda a matsayin janye sa hannuna daga fom mai lamba 7 na ranar 16 ga Janairu, a sake buɗe tsohon fayil maimakon sabo.

(b) A ba sashen magina umarnin huda bangon da ƙarasa bututun, a sauya allunan silin na ɗakin kwana, a ba ni shaida a rubuce kafin ranar Alhamis, 19 ga Satumba, don in kai wa likita. Shugaban magina ya ce aikin bai wuce awa biyu ba. Mai fenti ya ce zai yi fentin da kansa.

(c) A leƙa silin na sauran gidajen da aka ɗaura wa irin wannan na'ura da fom mai gurbi ɗaya. Na san biyu a gininmu, ɗaya akwai jariri.

(d) Idan akwai wata takarda da ofishinka zai aiko game da wannan magana, a rubuto ta da sunana ni kaɗai, a ba ni hannu da hannu. Maiɗakina ce ke buɗe wasiƙun gidan nan tun da muka yi aure. In Allah ya sa ta dawo, ni zan faɗa mata da bakina, a ɗakinta, bayan an huda.

Daga gobe zan kasance a gida kullum daga ƙarfe bakwai na safe zuwa azahar, na mayar da zuwa asibiti yamma. Na ce mata ana ɗan gyare-gyare a gida, ta ce in tabbata an share ƙura kafin ta dawo. Tsanin maƙwabcina na nan a kicin, na bar allon silin a ɗage. Ma'aikatanka ba sai sun yi awo ba. Da'irar tana nan a bango, jiya na hau na ƙara bin ta da fensir don kada ta dushe.

Ina fatan Mai Girma zai dubi wannan roƙo da idon rahama. Ka huta lafiya.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Baba Hatimi,
Tsohon magatakarda,
Mazaunin gida mai lamba 14, Gini na Uku.

Abin da aka haɗa: hotuna huɗu, takardar likita, kwafin fom mai lamba 7.